Daga Sakkwato, ta ina ake shiga sana'ar cinikin kasuwannin kuɗi?

Wani matashi daga Mabera a cikin garin Sakkwato ya aiko da tambaya. Ya karanta tattalin arziki a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ya gama bautar ƙasa, ya tara naira dubu 400 daga alawus da ɗan aikin koyarwa. Yana so cinikin foreks, wato saye da sayar da kuɗin ƙasashe ta intanet, ko na hannun jari ya zama sana'arsa ta dindindin. Akwai kuma wani mai horarwa da ya nemi dubu 150 kuɗin karatun mako shida. Ya biya ne? Ta ina zai fara?

Ƙanena, dubu 150 ɗin nan ka bar su a aljihunka tukuna. Zan dawo kan mai horarwar. Abin da ya kamata mu fara warwarewa shi ne, aiki biyu ne daban ake kira da suna ɗaya, kuma wanda ake tallata maka a waya ba shi ne wanda ake biyan mutane albashi a kansa ba.

In ka je Illela, ka tsaya kusa da ɗan canji ka kalli hannunsa. Wani ya taso daga Ƙonni da sefa yana neman naira, ya saya a hannunsa. Kafin ya gama ƙirga, wani mai tsallakawa sayen dabbobi ya zo neman sefa, ya sayar masa da ɗan ƙari. Waya na kunnensa yana jin yadda ake ciki a Wapa ta Kano. Bai damu da inda sefa za ta kai wata mai zuwa ba. Abin da yake ci shi ne 'yar tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa, sau ɗari a yini. Da la'asar ta yi sai ya duba jakarsa, kada ya kwana da sefa mai yawa gari ya waye farashi ya juya masa baya. A gefensa akwai wanda ya sayi sefa ya ɓoye yana jiran ta tashi. Na farkon abokan ciniki gare shi, na biyun kuwa zato kaɗai ya riƙe.

Mafi yawan ƙwararrun da ke teburin ciniki a bankuna da kamfanonin dillancin hannun jari irin na farko ne. Suna saye da sayarwa ne a madadin masu hulɗa da kamfani, da kuɗin kamfani, a cikin iyakar da wani sashe ya gindaya musu, kuma ƙarshen wata albashi na shiga ko kasuwa ta yi daɗi ko ba ta yi ba. Manhajar da ke wayarka kuwa kujerar mutum na biyu take ba ka, dillalin da ka buɗe asusu a wurinsa shi ne ya zauna a kujerar ɗan canji. Duk sanda ka danna, ya ci tazararsa. Wasu dillalan ma ba sa kai odarka ko'ina, su ne ke tsayawa a ɗaya ɓangaren, wato asararka ita ce ribarsu.

Ga abin da alƙaluma suka nuna game da masu zama a kujera ta biyu. A 2018 hukumar kula da kasuwannin jari ta Tarayyar Turai, ESMA, ta bayyana cewa tsakanin kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari na asusun ƙananan masu irin wannan ciniki asara suke yi. Daga nan ta tilasta wa dillalai su rubuta adadin masu asara a tallarsu, ta kuma rage ninkin rancen da suke bayarwa, wato damar juya kuɗin da suka ninka abin da mutum ya zuba, zuwa 30 a manyan kuɗaɗe. A Brazil wasu masu bincike sun bi sawun mutanen da suka dage da cinikin yini-yini fiye da kwana 300, suka tarar kashi 97 cikin ɗari sun yi asara. Ka lura, waɗannan ba masu leƙowa su gudu ba ne, waɗanda suka jure ne. Don haka maganar nan ta cewa in ka dage za ka ci, ba ta da tushe a wannan fage.

Yanzu mu ɗauki lissafin kuɗinka, don a nan ne yawancin buri ke karyewa. Warren Buffett, wanda duniya ke buga misali da shi, matsakaicin abin da ya samar a tsawon shekaru bai wuce kusan kashi 20 cikin ɗari a shekara ba. A ce kai ka ninka shi, kana samun kashi 3 kowane wata ba fashi. A dubu 400, naira dubu 12 ke nan. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun 2024 dubu 70 ne. Kafin kashi 3 ya ba ka dubu 150 a wata sai jarinka ya kai miliyan 5, kuma da sharaɗin babu watan asara, abin da ba ya faruwa ga kowa. Wanda jarinsa ƙarami ne kuma yana son ya ci abinci daga ciki, hanya ɗaya ta rage masa: ya ƙara girman cinikin fiye da ƙarfinsa. Nan ne ninkin rance ke shigowa.

Dillalan ƙetare da ke neman 'yan Najeriya sukan ba da ninki har 500. Ka zuba dala 200, a ba ka damar juya dala 100,000. A cinikin yuro da dala mai wannan girma, kowane motsi na 0.0001 dala 10 ne. Motsi 20 kacal in ya saɓa maka, kuɗinka sun ƙare, kuma dillali zai rufe cinikin tun kafin a kai nan. Irin wannan motsi kasuwa kan yi shi kafin ka gama shan shayi. Ƙara da wannan: rahoton samar da ayyukan yi na Amurka, wanda ke girgiza dala, yawanci yana fita ne Juma'ar farko ta wata, ƙarfe 1:30 ko 2:30 na rana agogonmu gwargwadon lokacin shekara. Kana sahu a masallaci, waya na aljihu a kashe, farashi ya yi tsalle ya ƙetare inda ka sa iyakar asara, a rufe maka a can gaba. Ban ma kawo maganar ɗauke wuta da yankewar sabis a zafin watan Afrilu ba. Kada ka ɗauka ƙananan mutane kaɗai abin ke ci. Ranar 15 ga Janairu 2015 babban bankin Suwizalan ya janye iyakar da ya sa wa kuɗinsa ba sanarwa, washegari kamfanin dillancin foreks na Alpari na Ingila ya durƙushe, takwaransa FXCM kuma sai da aka ceto shi da rancen dala miliyan 300. Ka kuma riƙe wannan lissafi a ka: wanda ya rasa rabin jarinsa sai ya ninka abin da ya rage kafin ya dawo inda yake.

Kai ɗan Sakkwato ne, na san tambayar halacci tana ranka ko ba ka rubuta ta ba. An ruwaito daga Sayyidina Umar cewa kada wanda bai fahimci addini ba ya yi ciniki a kasuwarmu. Canjin kuɗi da kuɗi halal ne da sharaɗin hannu da hannu, kamar yadda ya zo a hadisin Ubada ɗan Samit. Matsalar foreks ta waya ita ce galibi ba ka mallaki yuro ko dala ko ɗaya ba, yarjejeniya ce a kan bambancin farashi. Ga kuɗin ruwa da ake cirewa ko ƙarawa in ciniki ya kwana, ga rancen da dillali ya ba ka da sharaɗin a wurinsa za ka yi ciniki ya ci kamasho. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami, a zamanta na Makka a 2006, ta yanke cewa ciniki da irin wannan rance bai halatta ba. Abin da dillalai ke kira asusun Musulunci kuɗin kwana kawai yake cirewa, sauran matsalolin suna nan daram. Fatawa ta malamai ce, kuma Sakkwato ba ta rasa su ba. Amma in za ka je, ka tafi da bayanin yadda abin yake aiki dalla-dalla. In ka ce wa malam canjin kuɗi ne kawai, amsar canjin kuɗi zai ba ka.

To ina sana'ar take? Tana kamfanonin dillancin hannun jari masu rajista da SEC, hukumar kula da kasuwar jari ta Najeriya, da sashen baitulmali na bankuna, da kamfanonin sarrafa jari da na fansho, da kasuwannin da kansu: NGX, wadda aka kafa a 1960 a matsayin kasuwar hannun jari ta Legas, da FMDQ inda ake cinikin takardun lamuni da kuɗin waje. Mai son zama dillalin hannun jari hanyarsa jarrabawar CIS ce, cibiyar ƙwararrun dillalan hannun jari da dokar 1992 ta kafa, sannan horon na'urar ciniki ta NGX kafin a ba shi izinin shigar da oda. Mai son teburin canji da lamuni a banki, takardar shaidar ACI, ƙungiyar 'yan cinikin kasuwannin kuɗi ta duniya, ita aka sani. CFA, shaidar ƙwarewa a nazarin jari ta duniya, mataki uku ce, tana buɗe ƙofofi da yawa, sai dai da dala ake biya kuma takan ci shekaru. Da ni ne kai, da digirin tattalin arziki da dubu 400, CIS zan fara dubawa. Kuɗin da za ka miƙa wa mai horarwa na mako shida gara su tafi rajista da littattafan jarrabawar da masu ɗaukar aiki suka san da ita.

Ba zan ɓoye maka ba, teburan nan kusan dukkansu a Legas suke, kaɗan a Abuja. Reshen banki a Sakkwato ba ya cinikin lamuni, hedikwata ke yi. In da gaske kake, ka sa a ranka wata rana za ka ɗauki jaka. Shiga kuma yawanci ta shirin ɗaukar sabbin masu digiri ne, akwai jarrabawar lissafi da Turanci, kuma bankuna da dama na sa iyakar shekaru, don haka kada ka ɓata shekara uku a gaban allon waya kafin ka nema. Ba kuma ranar farko za a ba ka tebur ba. Da yawa daga ofishin baya suke farawa, inda ake daidaita takardun ciniki da tabbatar da kuɗi sun shiga inda ya kamata. Kada ka raina wurin. Wanda ya san yadda ciniki ke kammaluwa bayan an danna ya fi wanda ya haddace siffofin jadawali amfani ga kamfani.

Abin da ke ba sabon shiga mamaki shi ne yawan takunkumi. Kafin a buɗe kasuwa an yi taron safe, an karanta abin da ya faru a Asiya da Amurka cikin dare, an duba ko kwamitin kuɗi na Babban Banki zai zauna, ko Ofishin Kula da Basussuka na da gwanjon lamuni. Kowane ɗan ciniki na da iyakar abin da zai riƙe da iyakar asarar da in ya kai dole ya rufe, kuma ba shi ke duba kansa ba, wani sashe ne daban da ba ya jin kunyarsa. Wayoyin tebur ana naɗar su. An koyi wannan da tsada: a 1995 Nick Leeson ya ɓoye asara a Singafo har ta kai fam miliyan 827, ta rushe bankin Barings mai shekara fiye da 200, saboda shi ke ciniki kuma shi ke kula da takardun da za su tona shi. Kai da ke ɗaki kai kaɗai da waya, kai ne ɗan ciniki, kai ne mai sa ido, kai ne mai yafe wa kanka.

Akwai wata ƙofa da nake ganin 'yan Arewa ba su cika kula da ita ba. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021. Gwamnatin Tarayya ta fitar da sukuk, wato takardar zuba jari mara ruwa, na farko na naira biliyan 100 a 2017, ta kuma ci gaba da fitarwa. Waɗannan cibiyoyi ba za su iya zuba rarar kuɗinsu a takardun lamuni masu kuɗin ruwa ba, don haka suna buƙatar wanda ya iya lissafin kasuwa kuma ya san murabaha da ijara da salam ba a fatar baki ba. Yaron da ya tashi a zauren karatu a Sakkwato, ya yi Risala, ya ƙara da digiri da CIS, yana da abin da takwaransa na wani wuri sai ya je kwas kafin ya samu.

Kafin wannan lokaci, ga yadda zan so ka yi da kuɗinka. Aikin koyarwar nan kada ka sake shi, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai ciniki da kuɗin haya a ka ba ya iya haƙuri, kuma rashin haƙuri ne ke kashe asusu. Ka ware rabin kuɗin don jarrabawa da kwamfuta mai ɗan dama, ko wadda aka taɓa amfani da ita ce. Ka iya Excel sosai, in hali ya yi ka taɓa Python. Daga sauran ka ɗauki abin da in ya narke ba za ka kasa barci ba, ka buɗe asusu da dillalin hannun jari wanda ka ga sunansa da idonka a jerin masu rajista a shafin SEC. Za a buɗe maka lamba a CSCS, inda ake ajiye hannayen jari da sunanka, ba da sunan dillali ba. A nan abin da ka saya naka ne, babu rance, babu mai rufe maka ciniki da dare. Don tace na halal akwai ma'aunin NGX Lotus Islamic da aka fara a 2012, akwai kuma ƙa'idojin AAOIFI, ƙungiyar da ke tsara ma'aunai ga cibiyoyin kuɗi na Musulunci: asalin harkar kamfani ta zama halal, bashinsa mai ruwa kada ya wuce kashi 30 na darajarsa a kasuwa, kuɗin shiga mara tsabta kada ya wuce kashi 5, shi ma a fitar da shi sadaka.

Darasinka na farko yana Kalambaina. Kamfanin simintin da iyayenmu suka sani da CCNN tun shekarun 1960 ya narke cikin BUA Cement, wanda aka sa a kasuwa a Janairun 2020. Ban ce ka saya ba. Ka sauke rahotonsa na shekara ka karanta daga farko har ƙarshe, ka ga nawa makamashi ke ci a kuɗin sarrafawa, nawa ne bashinsa, yaya faɗuwar naira bayan Babban Banki ya haɗe kasuwannin canji a Yunin 2023 ta taɓa ribarsa. Sannan ka kwatanta da Dangote Cement. Kana ganin tirelolin da ke fita, kana jin farashin buhu a bakin 'yan kasuwa, wannan sani ne da mai zaune a Ikoyi ta Legas sai ya buga waya yake samu. Rubuta shafi biyu a kan abin da ka gano. Irin wannan takarda in ka ajiye a gaban masu tantance ma'aikata, ta fi hoton riba daga manhajar ciniki ta MetaTrader nauyi nesa ba kusa ba.

Duk cinikin da ka yi ka rubuta shi a littafi kafin ka shiga: dalilin saye, farashin da in ya kai ka san zatonka bai yi ba, da nawa za ka rasa in hakan ta faru. Ƙwararru da yawa ba sa yarda ciniki ɗaya ya ci fiye da kashi 1 ko 2 na jarinsu. Kuma ka auna kanka da ma'aunin gaskiya. A 2024 ma'aunin kasuwar NGX ya tashi da kusan kashi 38, hauhawar farashi kuma ta rufe shekarar a kusan kashi 35. Wanda ya samu kashi 25 a wannan shekara yana murna, a zahiri baya ya ci. Kasuwar hannun jarin ma ba tudun mun tsira ba ce. Tsakanin Maris 2008 da Maris 2009 ta faɗo daga sama da maki 66,000 zuwa kusan 20,000, kuma waɗanda suka fi jin jiki su ne masu saye da rancen banki.

Kayan gona ma kasuwa ce ta wannan fanni, akwai AFEX da ke da rumbuna da takardun shaidar ajiya, kuma mutumin da ya san lokacin da masara da waken suya ke sauka da tashi a Arewa yana da abin sayarwa a can.

Za ka ji labarin kamfanonin da ke cewa ka biya kuɗin gwaji, in ka ci su ba ka asusun dala dubu 50 ko 100 ku raba riba. Sharaɗin da aka saba shi ne ka samu kusan kashi 10 ba tare da ka rasa kashi 5 a yini ɗaya ko kashi 10 gaba ɗaya ba. Yawancin masu gwadawa faɗuwa suke su sake biya, kuma daga nan kuɗin irin waɗannan kamfanoni ke fitowa. Da dama cikinsu sun rufe a 2024 da haƙƙin mutane. Wannan ba ɗaukar aiki ba ne, kai ne abokin cinikinsu.

Abu ɗaya da zan ja maka kunne a kai da babbar murya: kuɗin mutane. Ranar da aka ji kana harkar, kawu zai kawo na fansho, inna za ta kawo na adashi, abokin makaranta zai ce a juya masa. Kada ka karɓa. Juya kuɗin jama'a ba lasisin SEC laifi ne, kuma dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗauri ga masu tsarin biyan na farko da kuɗin na baya. Da yawa da suka faɗa ciki ba da niyyar cuta suka fara ba. Sun yi alkawarin kashi 10 a wata, wata ɗaya ya ƙi, kunya ta hana su faɗa, suka biya da kuɗin sabon shiga. Mun ga rushewar MMM a ƙarshen 2016, mun ga ta CBEX a Afrilun 2025. A gari irin Sakkwato inda kowa ya san gidan kowa, ba kai kaɗai abin zai shafa ba, har mahaifinka sai ya sauya sahu a masallaci.

Sai mai horarwarka. Ka je ka same shi cikin girmamawa ka nemi abu biyu. Na farko, cikakken bayanin asusunsa na gaske daga dillali, na shekara biyu a jere, da abin da ya zuba da abin da ya cire, ba hoton ciniki ɗaya da ya yi kyau ba, ba kuma asusun gwaji na kuɗin wasa ba. Na biyu, ka tambaye shi ko dillalin da zai ce ku yi rajista ta hanyarsa yana biyansa kamasho a kan kowane cinikin ɗalibansa. In yana karɓa, to amfaninsa ku yawaita ciniki ne, ku ci ko ku faɗi, kuma shi ya sa saƙonnin saye ko sayar da ake turowa a Telegram ba sa yankewa. Abin da ake koyarwa a mako shidan, karatun jadawali da sa oda da iyakar asara, yana nan kyauta a intanet, kuma asusun gwaji ba a biyan ko kwabo a buɗe shi. In ya kawo takardun shekara biyun, ka zauna da Excel ka fitar da ribarsa ta shekara da mafi girman faɗuwar da ya taɓa yi, ka turo min mu duba tare.